Idan Garke Ya Fara Ɓari, Kada Kowa Ya Yi Shiru

Makiyaya, mahauta, dillalan kara, masu kiwon turke a cikin gida, da iyayenmu mata masu tatsa da tallar nono, ku kasa kunne. Maganar sauro ce na zo da ita, amma ba ta maleriya da kuka saba ji a rediyo ba. Sauron da ke hana mu runtsawa da damina yana da wata ɓarna da yake yi a turke da tsakiyar garke, inda babu gidan sauro, babu abin kora sai jela. Yana tsotso ƙwayoyin cuta na bairos daga jikin wannan dabba ya kai wa waccan, kuma ƙwayoyin nan dangi-dangi ne. Akwai wadda ke kwantar da bijimi kwana uku ya miƙe. Akwai masu lalata maraƙi tun yana cikin uwarsa. Akwai kuma wadda ke zubar da cikin garke guda a mako biyu, sannan ta tsallaka ta kama mai garken da iyalinsa. Wannan ta ƙarshe ita ce ta sa nake ɗaga murya, sunanta zazzaɓin Kwarin Rift.

Kada sunan ya sa ku ɗauka ciwon wata duniya ne. A Kenya aka fara gano shi a 1931, bayan ya yi wa tumaki kisan ƙare dangi a wata gona kusa da tafkin Naibasha, amma tuni ya iso ƙofar gidanmu. A ƙarshen watan Agusta na 2016 labari ya kai ga Hukumar Lafiya ta Duniya cewa mutane suna mutuwa a yankin Cintabaradan na jihar Tawa a Nijar da wani zazzaɓi da ba a gane kansa ba. Wasu idanunsu sun yi ɗorawa, wasu jini na fita ta hanci da baki. A daidai lokacin kuma dabbobin yankin suna ɓari suna mutuwa. Aka ɗebi jini aka tura cibiyar Pasteur da ke Dakar, sakamako ya dawo a Satumba cewa zazzaɓin Kwarin Rift ne. Kafin shekarar ta ƙare an lissafa mutum sama da 300 da ake zargin sun kamu, sama da 30 sun riga mu gidan gaskiya, kuma mafi yawansu makiyaya ne da iyalansu. A watan nan na Satumba aka yi Babbar Salla ta shekarar, kowane gida da wuƙa a hannu, kuma a cikinsa ne dubban garkuna ke taruwa a Ingal domin bikin lasar gishiri, su watse su nufi kudu da kaka. Daga Tawa zuwa Ƙonni da Illela tafiyar 'yan awoyi ce a mota. Saniyar da ta kwana a Abalak wannan mako tana iya tsayuwa a karar Illela mako mai zuwa, ta wuce Legas a bayan tirela. Wanda ya san yadda dabba ke yawo a ƙasar nan ba zai ce abin da ya faru a Tawa bai shafe shi ba.

Nijeriya ma ba ta tsira ba. Tun 1959 aka samu ƙwayar a jikin tumaki a Vom, kuma gwaje-gwajen jini da aka yi a jihohin Arewa daban-daban sun nuna shanu da tumaki da raƙuma da mutane da dama sun taɓa gamuwa da ita. Tana nan tana zagayawa a ɓoye. Abin da take jira kawai shekarar da ruwa zai yi yawa, garke kuma ya cika da ƙananan dabbobin da jikinsu bai taɓa saninta ba.

Ga yadda take kwana a ƙasa. Akwai wani irin sauro, Aedes, wanda ba ya saka ƙwansa a kan ruwa, sai a bakin laka, a gefen fadama da tafki da kwarin da ruwa ke kwanciya. Idan uwar tana ɗauke da cutar, ƙwan ma yana iya ɗauke da ita. Ruwa ya janye, laka ta bushe ta tsattsage, rani ya zo ya wuce, ƙwan nan yana nan da ransa, yana iya yin shekaru a haka. Ranar da aka yi ruwa mai nauyi ya cika kwarin har ya kai inda ƙwan yake, ya kuma daɗe a kwance, sai su ƙyanƙyashe gaba ɗaya, wasu da cutar a bakinsu tun kafin su ciji kowa. Su afka wa dabbobin da ke kiwo a bakin ruwa. Jinin dabbar da ta kamu yakan cika da ƙwayar maƙil, daga nan sai sauran sauro, har da irin na kwatami da kududdufi da muke gani a gari, su tsotsa su raba wa kowa. Shi ya sa annobar ke biyo bayan ambaliya da 'yan makonni. Ku tuna ambaliyar 2022 da ta ci rayuka sama da 600 a Nijeriya. Ku tuna 2024, da madatsar Alau ta ɓalle ta shafe rabin Maiduguri, Nijar kuma ta ga ruwan da ta daɗe ba ta ga irinsa ba. Duk shekarar da aka yi haka muna ƙidaya gidajen da suka rushe da gonakin da suka nutse, ba mai tambayar abin da ya ƙyanƙyashe a fadama.

Alamarta ta farko ɓari ce, kuma ba irin ɓarin da muka saba ba. Makiyayi ya san ciwon bakkale, ya san saniya ɗaya ko biyu za su zubar a shekara. Wannan dabam take. Tumaki da awaki da shanu da raƙuma za su riƙa zubar da ciki a lokaci guda, mai ƙaramin ciki da mai tsohon ciki, garkenka da na maƙwabcinka da na rugar da ke hayi. A cikin tumaki kusan duk mai ciki da ta kamu sai ta zubar. 'Ya'yan tumaki sababbin haihuwa kuwa tara cikin goma suna iya mutuwa, wasu cikin kwana ɗaya ko biyu ba tare da an ga wani ciwo a tare da su ba. Manyan shanu sun fi juriya. Za ka ga zazzaɓi, yawu na dalala, majina wani lokaci da jini, zawo mai wari, nono ya ƙafe, yawancinsu kuma su warke. Idan aka feɗe wadda ta mutu sai a tarar hanta ta kumbura, ta sauya launi, ta yi tabo-tabo. To duk wanda ya ga waɗannan abubuwa uku sun haɗu, ruwa mai yawa, sauro fiye da na kullum, da ɓari ko'ina, ya sani lokacin jira ya wuce.

A nan ne kuma muke kashe kanmu da hannunmu. Sauro yana iya sa wa mutum cutar, gaskiya ne, amma mafi yawan waɗanda suka kamu ta jini da ruwan jikin dabba suka same ta. Dubi abin da muke yi. Saniya tana naƙuda ta kasa, sai mai ita ya naɗe hannun riga ya zura hannu har kafaɗa ya jawo maraƙin, ga kaushi a tafin hannunsa, ga yankan kara a yatsa. Tunkiya ta yi ɓari, sai a ce wa yaro ya ɗauki ɗan da mabiyiyar ya jefar bayan danga, kare ya ja ya kai ƙofar wani. Dabba ta kwanta ana ganin ba za ta tashi ba, sai a ce maza a kawo wuƙa kada ta zama mushe. A yanka, jini ya yi tsartuwa a fuskar mai yanka da mai riƙe ƙafa, a feɗe, mata su wanke kayan ciki, a kasa a raba wa maƙwabta, ko a kira mahauci ya saya da araha ya kai kasuwa. Na san dalilin wannan ɗabi'a, kuma ba na raina shi. Saniya dukiyar shekaru ce, ganin ta tafi a banza ba ƙaramin abu ba ne. Amma ranar da ciwon ya zama wannan, tsiron naman da aka ceto shi ne zai kwantar da mutum biyar a gida ɗaya. Jinin yanka da ruwan mahaifa su ne inda ƙwayar ta fi yawa, tana shiga ta rauni a fata, tana shiga ta numfashi idan jinin ya fantsama.

Idan ta kama mutum, bayan kwana 2 zuwa 6 sai zazzaɓi ya rufe shi farat ɗaya, da ciwon kai, ciwon gaɓoɓi da na jiki, wani har ya kasa kallon haske. Kowa zai ce maleriya ce, a sayo magani a kemis. Yawanci cikin mako guda ya warke, ba wanda zai san abin da ya same shi. Amma a cikin kowane ɗari akwai 'yan kaɗan da abin ke juya musu. Wani bayan mako ɗaya zuwa uku ganinsa ya dushe, kuma kusan rabin waɗanda ciwon ya taɓa tsakiyar idonsu ba sa dawo da ganinsu kamar da. Wani ta hau ƙwaƙwalwa, ya rikice, ya yi ta fizge-fizge, a ce iska ce a kai shi wurin mai magani. Wani kuma hanta ta lalace, ido ya yi ɗorawa, jini ya ɓalle ta dasashi da hanci da bayan gida, kuma rabin waɗanda suka kai wannan mataki ba sa tashi. Bincike a Sudan ya nuna alaƙa tsakanin cutar da ɓari a wurin mata masu juna biyu. Babu maganin da ke kashe ƙwayar, babu allurar rigakafin da aka amince a yi wa jama'a. Abu ɗaya mai sanyaya rai, ba a taɓa tabbatar da cewa mutum ya sa wa mutum ba. Daga dabba take zuwa, kuma a dabba ake tare ta.

Shi ya sa nake cewa makiyayi shi ne mai gadin lafiyar gari, ko gari ya sani ko bai sani ba. Dabba ce ke fara kamuwa, mutum ya biyo baya da makonni. Bayan annobar 2006 zuwa 2007 a arewa maso gabashin Kenya, da aka zauna da makiyayan Somaliyawa na yankin, sai aka tarar sun ga taron sauron, sun ga ɓarin, sun ga jini a hancin tumaki makonni kafin hukuma ta san ana ciki. Ilimin yana ruga, labarin ne bai isa ofis ba. Haka aka yi a wurare da yawa: sai mutane sun fara mutuwa a asibiti sannan a koma ana tambayar me ya samu dabbobi. Wannan juyin tsari ne mai tsada, ana biyansa da rayuka.

Sauran dangin ƙwayoyin da sauro ke ɗauka ba su kai wannan mugunta ba, amma suna cin aljihu. Zazzaɓin kwana uku yakan zo da damina ko farkon kaka. Sa yana lafiya da safe, da yamma jikinsa ya yi zafi, ya sandare, yana ɗingishi yau a wannan ƙafa gobe a waccan, yawu na zuba, ya kwanta ya ƙi tashi. Abin mamaki, ƙosassun bijimai da saniya mai yawan nono su ya fi kayarwa, ramammu da maruƙa su sha da sauƙi. Wanda ya mutu a ciki bai wuce ɗaya ko biyu a ɗari ba, amma manomin da shanun huɗarsa suka kwanta a makon da ƙasa ta jiƙu ya san girman asarar. Kuskure biyu ake yi a nan. Na farko, a firgita a sayar wa mahauci da sa a rabin kuɗi, alhali da an yi haƙuri kwana uku da ya miƙe. Na biyu, a buɗe bakinsa da ƙarfi a ɗura masa jiƙo ko kanwa da kwalba. Maƙogwaronsa ba ya haɗiya daidai a wannan hali, ruwan sai ya bi ta huhu, ɗurar ta kashe abin da ciwon zai bari. A kai shi inuwa, a ajiye masa ruwa a gabansa, a riƙa juya shi daga wannan gefe zuwa wancan, a kira malamin dabbobi ya yi masa allurar rage zafi da ta sinadarin kalsiyam idan ta kama. Wannan ciwo ba ya kama mutum.

Sai masu lalata ɗan ciki, dangin Akabane, wadda aka fara samu a jikin sauro a Japan a 1959, ta kuma nakasa maruƙa dubun dubata a can a farkon shekarun 1970. Sauro na ɗaukarsu, wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari masu cizo da ke tashi da magariba ma suna ɗauka, su ne ma suka fi. Uwa ba ta nuna komai, sai ranar haihuwa a ga maraƙi da ƙafafu a lanƙwashe sun ƙage, wuya a murɗe, ko ya fito ba ya gani ba ya iya kama nono saboda ruwa ya maye gurbin ƙwaƙwalwarsa. Mu kan ce baki ne, ko maita, ko a zargi wani da ba ya ji ba ya gani. Alhali tun shekarun 1960 masu bincike na Jami'ar Ibadan suka tsinci 'yan wannan dangi a jikin dabbobinmu, har da wadda ake kira Shuni, da aka samu a jinin saniya a Sakkwato a 1966. Da wata 'yar'uwarsu ta ɓulla a garin Schmallenberg na Jamus a 2011, Turai duka ta tashi tsaye, cikin 'yan watanni aka gano ta, aka bi sawunta ƙasa-ƙasa. Mu namu maruƙan muna binne su a bayan ruga, ba wanda ya rubuta.

Kada a ce wannan matsalar makiyayi ce shi kaɗai. A 1977 zazzaɓin Kwarin Rift ya shiga Masar ya kashe mutum kusan 600. A 1987, jim kaɗan bayan an gama madatsar Diama a kan kogin Senegal ruwa ya kwanta inda da ba ya kwanciya, ya ɓarke a kudancin Muritaniya ya ci sama da mutum 200. Wanda ke zaune kusa da Bakolori ko Goronyo ko Tiga, ko fadamun Haɗeja da Nguru, inda shinkafa da shanu da mutane ke shan ruwa ɗaya, ya yi wa wannan labari karatun natsuwa. A 2000 cutar ta haye Bahar Maliya ta faɗa Jizan a Saudiyya da kuma Yaman, karo na farko da aka gan ta a wajen Afirka, ta kashe sama da mutum 100 a kowace ƙasa. Saudiyya ta rufe ƙofa ga dabbobin gabashin Afirka, kuma Somaliya, wadda rayuwarta ta rataya a kan sayar da raguna ga masu aikin Hajji, ba a buɗe mata ba sai 2009. Sudan ta rasa sama da mutum 200 a 2007 zuwa 2008. Yanzu ku ɗauka an wayi gari an ce ba dabbar da za ta fita daga Mai'aduwa, Maigatari, Potiskum, Wudil da Mubi na wata uku. Dillali, direban tirela, mai lodi, mai sayar da dusa da harawa, mai tsire, mai kilishi, majemi, mai abinci a bakin kara, wa zai tsira?

To ga abin da nake roƙo, kuma ba abin da ya fi ƙarfinmu a ciki.

Ɗan'uwa makiyayi, idan ɓari ya yi yawa, ka faɗa a ranar. Ka faɗa wa Arɗo, ka faɗa wa mai unguwa, ka kira malamin dabbobi na ƙaramar hukuma. Kada ka kori garken zuwa wata ƙasa da sunan gudun ciwo, kai ne za ka kai shi can. Kada ka ware masu alamar ka tura kasuwa. Sayar da abu mai aibi a ɓoye aibin haramun ne a addininmu, balle aibin da ke kisa. Ɗan ɓari da mabiyiya kada a taɓa su da hannu tsirara. In babu safar hannu ta roba, leda biyu a kowane hannu ta fi babu, a ɗaure hanci da baki da ƙyalle, a haƙa rami mai zurfi a binne inda kare ba zai tono ba, sannan a wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu. Yara da mata masu ciki su nisanci wurin ɗungurungum. Iyayenmu sun san hikimar janye shanu daga fadama zuwa tudu idan marka ta yi ƙarfi, sun san turara musu hayaƙi da magariba. A riƙe wannan, a ƙara da maganin ƙwari da ake zubawa a gadon baya, a kuma kwana cikin gidan sauro ko a daji ne. Allurar kashe bakteriya da ake saya a kara ana caka wa kowace dabba ba ta taɓa bairos, asarar kuɗi ce kawai. Ta ma fi haka muni, domin allura ɗaya da aka bi garke da ita tana kwasar jinin mai ciwo ta sa wa mai lafiya, ta yi aikin sauro ɗari.

Sarakunan Fawa, ku ne ke da iko a kwata fiye da kowane jami'i. Idan kun ce ba za a feɗe dabbar da aka kawo a kwance ba sai likita ya duba, ba za a feɗe ba. Yaran da ke tsaye cikin jini da takalmin soso tun asuba 'ya'yanku ne. Takalmin roba, safar hannu, sabulu da ruwa, kuɗinsu bai kai na cinyar sa ɗaya ba, ƙungiya za ta iya saya. Hantar da ta sauya kama kada a yanke gefen a sayar da saura, a nuna wa likitan mayanka. Kuma idan kun ga ana ta kawo dabbobi masu araha daga yanki ɗaya, kuna jin ana cewa ɓari ya yi yawa a can, ku ne na farko da za ku kai labari.

Iyayenmu mata, a tafasa madara kafin a sha, kafin a zuba a ƙwarya ta kwana. Mai kindirmo ta riga ta san wannan, saura mai ɗanyen nono. Nama kuma a dafa shi ya nuna sosai. Dafaffen nama ba ya ɗauke da cutar, haɗarin yana wurin yanka da fiɗa da wankin kayan ciki. Wanda zazzaɓi ya kama bayan ya taɓa dabba mai ciwo ya tafi asibiti, ya buɗe baki ya faɗa wa ma'aikacin lafiya abin da ya taɓa, kada ya jira a tambaye shi. Ya guji asfirin da danginta masu tsinka jini. Ku kuma ma'aikatan asibitin karkara, idan gwajin maleriya bai nuna komai ba, mai jinya kuma daga ruga ko kwata ya fito, tambaya ɗaya ce za ta iya ceton gari: yaya dabbobinku?

Limamai, minti biyar a huɗubar Juma'a a farkon damina ya fi takarda dubu da aka liƙa a bangon sakatariya. Masu gidajen rediyo, ku yi shirin da Hausa da Fulfulde da Tamashek da Kanuri, a lokacin da makiyayi ke riƙe da rediyonsa.

Amma nauyi mafi girma na hukuma ne, kuma a nan ba zan sassauta ba. Muna cewa makiyayi ya kai rahoto. Ya kai wa wa? A ƙananan hukumomi da yawa malamin dabbobi ɗaya ne ga gundumomi goma, ba babur, ba mai, ba firjin ajiye jini. Kuma me makiyayi ya saba samu idan ya je gaban hukuma? Tara, karɓe-karɓe, da kallon tuhuma. Mutumin da ya san maganarsa za ta jawo a hana shi motsi, a hana shi kasuwa, a bar shi da garke mai yunwa ba ko buhun dusa, zai yi shiru, kuma duk wanda ke matsayinsa haka zai yi. Lokacin murar tsuntsaye ta 2006 gwamnatin Nijeriya ta biya masu kaji diyya don su daina ɓoyewa. Mai shanu ma ɗan ƙasa ne. Idan za a tsare garkensa don lafiyar jama'a, to jama'a su ɗauki nauyin ruwansa da abincin dabbobinsa har a sake shi. Wanda ya fara kawo labari a gode masa a bainar jama'a, kada a mai da shi mai laifi.

Kayan aikin akwai su. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom ta haura shekara 100, tun 1924 take. Yamai na da babban ɗakin gwajin dabbobi na ƙasa, tana da cibiyar AGRHYMET mai hasashen damina ga Sahel baki ɗaya, Nijeriya na da NiMet mai fitar da hasashen ruwa kowace shekara. A 2006 hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna haɗarin annobar gabashin Afirka makonni kafin mutum na farko ya kwanta. Allurar rigakafin dabbobi ma akwai ta, ana yin ta a Afirka ta Kudu da Kenya da Masar da Maroko. Wata sau ɗaya ake yi ta daɗe tana kariya amma tana iya sa mai ciki ɓari, wata ba ta da wannan illa amma sai an maimaita, shi ya sa aikin na likita ne ba na ɗan kasuwa ba. Kuma dukansu kafin annoba ake yin su, tun ran gini ran zane. Idan ciwo ya riga ya shiga garke, allura ta makara. A 2024 aka kafa wa kiwo ma'aikatar tarayya tata ta kanta a Abuja. To ga aiki: garkunan sa-ido a fadamun Haɗeja, bakin Tafkin Cadi da kwarin Rima da ake gwada jininsu kowace damina, likita da kayan ɗibar jini a kowace karar kan iyaka, lambar waya kyauta da za a amsa da harshen mai kira, da kuma musayar labari tsakanin Sakkwato da Tawa, Katsina da Maraɗi, Jigawa da Damagaram, ko da dangantakar Abuja da Yamai ta yi tsami. Sauro ba ya tsayawa a shingen kwastan.

Wanda ke ganin ba za mu iya ba ya tambayi tsofaffin ruga labarin ciwon bushiya. A shekarun 1890 ta share shanun ƙasar nan har masu garke ɗari suka wayi gari da sanda kawai. A 1962 aka ƙaddamar da gangamin rigakafinta a ƙasashen Tafkin Cadi, Nijeriya da Nijar da Kamaru da Cadi, makiyaya suka kawo shanunsu, aka yi allura aka huda kunne. Da aka yi sakaci ta dawo a farkon shekarun 1980 ta sake yin ɓarna mai yawa, aka sake ɗaura ɗamara. A 2011 aka shelanta cewa babu bushiya a doron ƙasa. Zazzaɓin Kwarin Rift ba zai ƙare haka ba, tunda yana kwance a ƙwan sauro a cikin laka, amma hana shi cin mutane bai kai wancan aiki wuya ba.

Kafin ruwan farko ya sauka, kowane Arɗo ya tara mutanensa, kowane Sarkin Fawa da Sarkin Kara ya tara nasa, a kira malamin dabbobi na yankin ya zo ya tsaya a gabansu, a ga fuskarsa, kowa ya sa lambarsa a waya. A amince da wanda zai kira idan ɓari ya fara, da inda za a binne, da wanda zai ajiye safar hannu da sabulu. Inda kuma aka nemi malamin aka rasa, a ɗunguma zuwa wurin shugaban ƙaramar hukuma ko magajin gari da ɗan majalisar yankin, a tambaye su ina yake, a ba su wa'adin kawo shi kafin marka.